Na Kashe Wa Motata Dukiya, Masu Saye Sun Ƙi Ganin Haka

Wani mai karatu ya aiko da wasiƙa yana neman shawara, ga taƙaitaccen abin da ya rubuto:

"Ina da Ford Mustang GT ƙirar 2015 mai giyar hannu, wadda na shafe shekaru ina yi mata gyare-gyare. Na ɗora mata sufacaja, wato famfon cusa wa inji ƙarin iska, ta kamfanin Whipple, na sauya nozul da famfon mai da kuloci da salansa, na rage mata tsayi, aka kuma sake saita kwamfutarta, har ƙarfinta ya kusa doki 700. Abin da na kashe a kanta ya kusa kuɗin da na saye ta. Yanzu iyali sun ƙaru, dole in rabu da ita. Dillalan mota sun yi mini tayin da bai kai na irinta da ba a taɓa ba, shi ya sa na yanke shawarar in sayar da kaina. Masu kira suna da yawa, amma mafi yawansu so suke su ɗana ta su yi gaba. Wani abokina ya ce in cire kayan duka, in mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, in ja bakina in yi shiru. Na sha kai ta filin tsere, kuma an taɓa buɗe injin an sauya haƙoran famfon baƙin mai. Yaya zan yi mata kuɗi, me ya wajaba in faɗa wa mai saye, kuma ta yaya zan kare kaina?"

Malam, dillalan nan ba raina ka suka yi ba, lissafi suka yi, kuma duk mai sayen da ya san mota irin wannan lissafin zai yi. Dillali yana son motar da kowa zai iya shigowa ya saya, wadda banki zai yarda ya ba da rance a kanta, kamfanin inshora ya karɓe ta ba gardama, idan kuma ta sami matsala kowane makanike zai iya duba ta. Taka ta fita daga wannan sahu tun ranar da aka ɗora mata sufacaja. Kai idan ka ɗaga bonet, kuɗinka da wahalarka kake gani, shi kuwa mai saye tambaya ɗaya ce ke yawo a ransa: wane irin tuƙi wannan inji ya sha, kuma kwana nawa suka rage masa? Duk ragin da ake yi maka kuɗin wannan tsoro ne. Don haka aikin da ke gabanka ba yabon motar ba ne, domin ta riga ta yabi kanta, aikinka shi ne rage wannan tsoro da hujjojin da mutum zai riƙe a hannunsa ya karanta.

Tsoron kuwa yana da tushe, ya kamata ka fahimce shi kafin ka ji haushin masu tayi. Sufacaja famfon iska ce da bel yake juyawa daga karanshaf, tana cusa wa silinda iska fiye da wadda injin zai iya shaƙa da kansa, sai a ƙara mai daidai da iskar, ƙarfi ya ƙaru. Nauyin iskar da muke shaƙa a daidai gaɓar teku, a ma'aunin matsi da ake kira psi, 14.7 ne, saboda haka sufacajar da ke ƙara psi 10 ta ɗora kusan kashi biyu cikin uku a kan abin da injin ya saba karɓa, kuma wannan ƙari matsi ne da zafi da fistin da ringi da kwanrod da gaskit za su riƙa ɗauka. Injin motarka mai lita 5.0 da silinda takwas ya fito daga kamfani da ƙarfin doki 435, kuma yana matse cakuɗen iska da mai ninki 11, wanda ya dace da injin da ke shaƙar iska da kansa. Dubi abin da kamfanoni suke yi idan su ne za su ɗora sufacaja: Shelby GT500 ta 2013 mai doki 662 ninki 9 take matsewa, Dodge Challenger Hellcat ta 2015 mai doki 707 kuwa 9.5, kuma dukansu an ƙarfafa musu kayan cikin inji da giya da hanyoyin sanyaya tun daga zane. Mai sayen da ya san wannan ya san cewa injinka yana aiki ne da ɗan ƙaramin rata tsakaninsa da lalacewa, ratar da ba abin da ke riƙe ta sai ingancin saitin kwamfuta da ingancin man fetur. Tanki guda na mai maras isasshen oktan, wato ma'aunin yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba, a rana mai zafi, da ƙafa mai nauyi, ya isa ya sa man ya riƙa fashewa kafin lokacinsa har bakin fistin ya tsage.

Daga nan ne za ka gina farashi, ba daga jimillar rasidanka ba. Ka fara da sanin nawa ake sayar da irin motarka da ba a taɓa ba, mai shekara ɗaya da taka da tafiya kusa da tata, kuma ka nemi kuɗin da aka sallama a kai, ba wanda masu talla suka rubuta ba, domin motar da ta yi wata shida a kasuwa farashinta buri ne kawai. A kan wannan za ka ɗora wani kaso na kuɗin manyan kayan da ke da suna, musamman ita sufacajar. Ladan makanike da kuɗin saiti da tayoyin da aka cinye da man da aka ƙona, waɗannan sun tafi, ka ci moriyarsu a shekarun da ka yi kana jin daɗin motar. Kayan da suka shafi ra'ayi kuwa, irin su rage tsayi da salansa mai ƙara da sauya launin fitilu, suna iya rage kuɗi maimakon su ƙara, domin abin da ya burge ka ba lallai ya burge wani ba, kuma motar da cikinta ke gogar ƙasa a kowane tudu ba kowa ke son ya gaje ta ba. Akwai kuma rufin da ba za ka iya wucewa ba: da zarar farashinka ya kusanci na motocin da suka zo da sufacaja daga kamfani, mai kuɗin zai tafi can, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Shawarar abokinka gida biyu ce, ɗaya ciniki ne, ɗaya cuta. Mayar da mota yadda ta fito a sayar da kayan daban hanya ce da masu irin waɗannan motoci suka daɗe suna bi, kuma sau da yawa tana kawo kuɗi fiye da sayar da komai a dunƙule, domin sufacaja mai suna tana da masu nema ko da an yi amfani da ita, motar da ba a taɓa ba kuma tana da masu saye da yawa. Amma sai ka zauna da biro da takarda. Kayan asali suna hannunka, ko ka sayar da su tun tuni? Idan sai ka sake sayensu, ribar ta fara zagwanyewa. Ka haɗa da ladan kwancewa da ɗaurawa, da sababbin gaskit da ruwan lagireto, da mayar da saitin kwamfuta, da watannin da za ka yi kana amsa tambayoyin masu sayen kaya ɗaya bayan ɗaya alhali kai kana son ka huta. Akwai kuma abubuwan da ba sa komawa: wayar da aka yanke aka haɗa, ƙarfen da aka huda don ɗaura lagireton sanyaya iska, robar da aka datse don bututu ya wuce.

Gida na biyu, wato yin shiru, ka rufe ƙofarsa gaba ɗaya. Cire sufacaja ba ya mayar wa fistin da giya da kuloci ƙuruciyarsu, wahalar da suka sha tana nan a jikinsu, wanda ya saya a matsayin motar da ba a taɓa ba ya biya kuɗin abin da ba a ba shi ba. Ko ta fuskar dabara ma, ramin ƙarya ƙurarre ne. Motocin zamani da yawa suna ajiye alamar cewa an sake rubuta saitin kwamfutarsu, ƙwararren makanike yana gane notin da aka taɓa kwancewa, kuma mai irin wannan mota da wuya a ce bai taɓa saka hotonta ko bidiyonta a intanet ba. Ranar da injin ya tsaya, mai sayen ya binciko hoton motar a filin tsere, maganar ta tashi daga ciniki ta koma zamba, kuma a ƙasashe da yawa rubuta cewa an sayar da mota yadda take ba ya kare wanda ya yi ƙarya a kan abin da ya sani.

Da ni ne kai, tsaka-tsaki zan bi. Zan bar sufacajar a kai, tunda ta kamfani ce sananne kuma an haɗa ta da nozul da famfo da kulocin da suka dace da ita, wanda alama ce ta aikin da aka yi da tunani. Zan mayar mata da tsayinta na asali idan sifirin ɗin yana nan, in rage ƙarar salansa, in cire duk wani ado da ke nuna ɗanɗanon mutum ɗaya. Sauran kayan asali kuma zan tattara su a kwali in ba da su tare da motar, domin mai saye yana samun natsuwa idan ya san yana da hanyar komawa baya.

Sai babban aikin, wanda shi ne zai raba ka da sauran masu sayar da irin wannan mota. Ka haɗa fayil guda, ka jera rasidai bisa kwanan wata, kowanne da adadin tafiyar da motar ta yi a lokacin, ta yadda mai karantawa zai san a wace tafiya aka ɗora sufacajar kuma nawa aka yi da ita tun daga nan, domin wannan adadi ya fi jimillar tafiyar muhimmanci a wurin masani. A rubuta wane gareji ya ɗaura, wa ya yi saitin, girman fulin da bel ke juyawa a kan sufacajar, matsin iskar da take bayarwa, da oktan ɗin man da aka yi saitin dominsa. Idan kana da takardar injin auna ƙarfi, ka saka ta, ka kuma fayyace ko dokin 700 ɗin a taya aka auna ko a karanshaf, domin wani ɓangare na ƙarfin yana ɓacewa a giya da aksul kafin ya kai ƙasa, masu saye kuma sun gaji da jin adadin da ba a san inda aka samo shi ba. Kafin ka yi talla, ka kai motar garejin da ba shi ya yi aikin ba, a auna matsin kowace silinda, a kuma yi gwajin da ake hura iska cikin silinda a ga kashi nawa ke zurarewa ta ringi ko bawul. Abin da makanikai suka saba nema shi ne kada bambancin silinda da silinda ya wuce kusan kashi 10 cikin ɗari. A haɗa na'urar karanta kwamfuta a fitar da rahoto, idan da hali kuma a aika samfurin baƙin mai ɗakin gwaji a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Lambobi takwas da suka yi kusa da juna a kan takarda mai hatimin gareji sun fi duk wata rantsuwa da za ka yi. Idan kuwa gwajin ya nuna matsala, gara kai ka fara sani a garejin da ka zaɓa, da a gaya maka a gaban mai saye.

Akwai ƙananan abubuwa da masani zai duba cikin minti biyar, ka riga shi dubawa. Zai shafa yatsa kusa da fuli, idan ya ga baƙar ƙura ya san bel yana zamewa. Zai buɗe murfin tankin ruwan da ke sanyaya iskar sufacaja inji yana aiki, ya ga ko ruwan yana motsi, domin famfon nan yana iya mutuwa shiru ba fitilar da za ta kama. Zai tambayi yaushe aka sauya man sufacajar kanta da fulogi. Zai kuma nemi ƙaramar na'urar hannu da aka loda saitin da ita, idan da irinta aka yi aikin. Yawancin irin waɗannan na'urori a ɗaure suke da mota ɗaya, kuma a cikinsu ake ajiye saitin asali, saboda haka wajibi ne ta bi motar, kada ta kwana a aljihun teburinka.

Game da abin da za ka faɗa, ka faɗi duka, kuma a rubuce. Zuwa filin tsere ka ambace shi da kanka tun a talla. Buɗe injin ma haka, kuma a nan abin da kake ɗauka aibi yana iya zama abin yabo, domin masu wannan inji sun san haƙoran famfon baƙin mai suna cikin wuraren da ake ƙarfafawa idan an ƙara ƙarfi, wanda ya san haka zai ga ka yi rigakafi ne, muddin rasidin ya nuna cewa ba bayan lalacewa aka yi ba. Idan bayan lalacewa ne, ka faɗi hakan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma sai an nuna masa cewa rariya ce.

Ka duba matsayin motar a gaban doka kafin mai saye ya duba maka, musamman idan sauya salansar ya haɗa da cire matatar hayaƙi. A Amurka dokar tarayya ta tsaftar iska ta hana cire ko lalata kayan rage hayaƙi a motar da ke bin titi, jihar Kalifoniya kuma tana neman lambar amincewar hukumar kula da iskarta a kan kaya irin sufacaja. A Jamus sai an amince da manyan sauye-sauye an shigar da su takardun mota, in ba haka ba izinin hawa titi yana iya faɗuwa. A Birtaniya kamfanin inshora yana iya ƙin biya idan ba a sanar da shi gyare-gyaren ba. Ko ina kake, idan motar ba za ta iya cin gwajin hukuma ba, ka gyara wannan kafin komai, domin shi kaɗai yana iya korar rabin masu sayenka. Ka kuma shawarci mai saye ya nemi farashin inshora da cikakken jerin kayan kafin ya biya, don kada ciniki ya warware bayan an gama.

Tallar ka kai ta inda masu son irin motar suke taruwa, wato ƙungiyoyin masu Mustang da shafukan gwanjon motocin sha'awa, ba kasuwar kowa da kowa kaɗai ba. Shafi irin Cars & Bids yana ware wa kowace mota sashen gyare-gyare da sashen aibobin da aka sani, kuma wannan tsari ne mai kyau ko da ba a can za ka sayar ba. Ka ɗauki hotuna da rana, har da ƙarƙashin motar da cikin bonet da duk wani ƙwarzane, ka ɗauki bidiyon tayar da injin da safe yana sanyi ba tare da yankewa ba, kamara tana nuna allon fitilu sannan ta zagaya bakin salansa. Ka bar kalmomi irin "dodo" da "ba a taɓa wahalar da ita ba", domin babu mai ɗora sufacaja don ya riƙa tafiyar hawainiya, kowa ya sani.

Masu son ɗanawa kuwa, tun a waya za ka tace su. Mai saye na gaske yana tambayar wa ya yi saiti da sakamakon gwajin silinda, mai yawon buɗe ido yana tambayar gudun ƙarshe. Ku haɗu da rana a wuri mai jama'a, ba a ƙofar gidanka ba, kuma ka zo da wani. Kai za ka fara tuƙawa yana gefe. Ba zai karɓi sitiyari ba sai kun yi kusa da daidaitawa a kan kuɗi, ka ga lasin tuƙinsa da shaidar cewa yana da kuɗin, ka kuma tabbatar daga kamfanin inshorarka ko nasa cewa akwai wanda zai biya idan aka yi haɗari. Kana cikin motar a kowane lokaci, kai ka zaɓi hanya, na'urar hana tayoyi zamewa tana kunne, kuma idan za ku sauya kujera ka kashe inji ka fito da makulli a hannunka. Doki 700 a tayoyin baya biyu ba abin koyo ba ne a titin jama'a, kuma ba rashin kunya ba ne ka ce wa mutum a'a. Idan ya nemi kai ta wurin makanikensa a duba, ka yarda, shi ya biya, kai kuma ka kai ta da kanka ka tsaya.

Wajen biya, kada ka yarda da saƙon waya ko hoton rasidin tura kuɗi, ka tabbatar daga bankinka cewa kuɗin sun zauna kuma ba za a iya janye su ba, mafi kyau ma ku kammala a cikin banki. Wanda ya ce zai saya ba tare da ya gani ba, ko ya turo fiye da kuɗin ya ce ka mayar masa da ragowa, ko ya kawo wani kamfanin riƙon amana da ba ka san shi ba, ka rabu da shi. Idan za ka karɓi kafin alƙalami, a rubuta ranar da zai cika da abin da zai faru idan ya fasa. Idan akwai sauran bashin banki a kan motar, a biya shi a gaban mai saye. Takardar ciniki ta ƙunshi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, da adadin tafiya, da rana da sa'ar miƙa makulli, da cikakken jerin gyare-gyaren, da ambaton tsere da buɗe inji, da irin man da dole a riƙa zubawa, da cewa babu garanti daga gare ka, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. A ranar ka sanar da hukumar rajista da kamfanin inshora cewa motar ta bar hannunka, domin tarar gudu ta farko ba za ta daɗe ba.

Irin wannan ciniki yana ɗaukar lokaci fiye da na motar yau da kullum, saboda mutum ɗaya kake nema a cikin ɗari, don haka ka yanka wa kanka wa'adi tun yanzu gwargwadon yadda buƙatar iyali ta matsa, ka kuma rubuta mafi ƙarancin kuɗin da za ka sallama kafin kowa ya zo. Idan wa'adin ya cika ba a taya kusa da shi ba, sai ka koma ga rabin shawarar abokinka mai kyau: a kwance sufacajar a sayar da ita daban, a mayar da motar yadda take, a kuma rubuta a layin farko na sabuwar tallar cewa ta taɓa ɗaukar sufacaja, daga tafiya kaza zuwa tafiya kaza, ga rasidai ga sakamakon gwaji.